Talabijin mai inci 65: me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Talabijin biyu ne a gabana, kowanne inci 65, kowanne an rubuta 4K da HDR a kwalinsa, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. A shago kuwa duk hotonsu tar. Falon yana da babbar taga ta gabas, daga kujera zuwa bango mita 3 ne, kuma yawanci ƙwallo ake kallo ta dikoda, da dare sai YouTube. Me zan duba a takarda, kuma yaya zan gwada hoton da idona?

Injiniyan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malam. 4K adadin ɗigo kawai yake gaya maka, wato 3840 a kwance, 2160 a tsaye. Mai araha da mai tsada duk suna da shi. Bambancin kuɗin yana cikin gilashin da fitilun da ke bayansa.

Fara da nau'in gilashi, akwai wanda ake kira VA, akwai IPS. VA yana ba da baƙi mai zurfi, amma wanda ya zauna a gefe zai ga kala ta koɗe. IPS kowa na gani daidai daga ko'ina a falo, sai dai da dare baƙinsa kamar toka yake, domin bambancin haske da duhunsa bai cika wuce 1000 bisa 1 ba, na VA kuwa yakan ninka haka sau huɗu ko biyar. Gidan da ake cika falo ranar wasa, wasu a kujera wasu a kafet ta gefe, IPS ya fi dacewa da shi. QLED kuma kada ka ruɗa shi da OLED. QLED gilashin LCD ne da aka ƙara masa shimfiɗar da ke ƙarfafa kala, har yanzu da fitilu a bayansa. OLED kowane ɗigo shi ke kunna kansa, ba mai kamo shi a duhu, amma tambarin tasha ko allon maki da ke zama wuri ɗaya awanni da yawa kullum yana iya barin tabo a kansa.

Sai fitilun. Mai araha ko dai a gefe aka jera su, ko a baya amma duk tare suke tashi tare suke sauka. Mai tsada an raba su yanki-yanki, inda hoto ya yi duhu sai yankin ya rage haske shi kaɗai. Tambayi adadin yankunan. Tambayi kuma ƙarfin haske, da nit ake auna shi. Mai nit 300 zai karɓi HDR, wato tsarin da ke ƙara bambancin haske da duhu a hoto, ya nuna, amma ba za ka ga amfaninsa ba, kuma hasken tagar nan taka da safe zai danne shi. Nemi 600 zuwa sama.

Ga mai kallon ƙwallo, saurin sabunta hoto ne ya fi komai. Lambar da aka buga da manyan haruffa kamar Motion Rate ko TruMotion ba ita ce ta ainihi ba, sau da yawa ninki biyu ce. Ɗauki lambar samfurin daga takardar da ke manne a baya, ka shiga shafin kamfanin ka duba ko 60Hz ne ko 120Hz, wato sau 60 ko 120 hoton ke sabuntawa a daƙiƙa.

Mai Gyara:

Injiniya ya gama da takarda, ni kuma ga gwaji. Kada ka yarda da bidiyon furanni da tsuntsaye da suke sakawa a shago, don wannan aikin aka shirya shi, kuma talabijin ɗin yana kan yanayin shago, haske da kala duk an ƙure su. Karɓi rimot ka mayar da shi Standard ko Filmmaker Mode.

Je da filash ɗinka, ka sa hotuna masu kala ɗaya cike da allo: baƙi, fari, ja, kore, shuɗi da toka. A baƙi za ka ga inda haske ke tsiyaya ta kusurwa. A fari da sauran kalolin, matsa kusa kamar taku ɗaya ka bi allon a hankali, mataccen ɗigo yana fitowa kamar ƙwayar gero. Toka ita ce mai tona asiri: in ka ga dabbare-dabbare ko layuka a tsaye kamar gilashin bai wanku ba, to duk lokacin da kyamara ta bi ƙwallo a kan koren fili sai ka gan su, kuma ba su da magani. Ka sa gajeren bidiyon wasa ma, ka bi ƙwallon da ido, ka ga ko tana jan jela ko tana rabewa biyu.

Wanda za ka tafi da shi gida shi za a buɗe a gwada, ba na kan kanta ba. Lambar da ke kwali, da ta baya, da wadda ke cikin saiti su zama ɗaya, domin akwai masu manna tambarin babban kamfani a kan wani abu dabam. A ɗauko shi a tsaye. In aka kwantar da inci 65 a mota, rami ɗaya ya isa ya tsaga gilashin, garanti kuma ba ya ɗaukar tsaga.

Abin da ya fi kawo su shagon gyara shi ne fitilun baya. Ana barin hasken a 100 dare da rana, ga zafin garinmu, sai jeren fitilun su ƙone: sauti na fita, allo baƙi, in ka haska tocila kusa ka ga hoton a ciki. Ajiye hasken wajen 60 zuwa 70, ka bar tazara tsakaninsa da bango don iska. Ka haɗa da sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, saboda dawowar wuta da canji zuwa janareta su ke kashe bod ɗin wuta.

Hajiyar Zinder:

Akwai abin da aka tsallake. Abin da ke shiga talabijin ɗin fa? Hoton tashoshin HD na DStv ɗigo 1080 ne a tsaye, na yawancin tashoshin kyauta kuma 576. A inci 65, hoton 576 sai an buɗa shi sosai, a nan ne mai tsada ke nuna kansa, domin na'urarsa ta fi iya gyara gefen hoto, mai araha kuwa fuskoki su zama kamar an shafa musu mai. Don haka ka ce a haɗa dikoda a shagon a kamo tasha marar HD, ka kwatanta su gefe da gefe. 4K na gaske sai ta intanet, shi ma da sharaɗi: Netflix na son aƙalla megabit 15 a daƙiƙa, kuma yana iya cin giga 7 a awa ɗaya.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri. To Injiniya, a mita 3 ɗin nan, 65 ya isa ko in ƙara zuwa 75?

Injiniyan Sabon Gari:

Don a san tazarar zama, ana ninka tsawon allo daga kusurwa zuwa kusurwa sau 1.6. Inci 65 santimita 165 ne, in aka ninka ya ba da mita 2.6, inci 75 kuma ya faɗo daidai mita 3. Amma tunda dikoda ce abin kallonka, girma zai ƙara fito da raunin hoton. In kuɗin ɗaya ne, ɗauki 65 mai 120Hz da haske mai ƙarfi a kan 75 mai 60Hz. Auna bangon tukuna, faɗin 65 kusan santimita 145 ne, kuma kada ka kafa shi yana fuskantar tagar.