Direban Wi-Fi ya ƙi haɗuwa a Ubuntu

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na sayi ɗan adaftan Wi-Fi na USB a Farm Centre, mai cif ɗin Realtek. Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, nake amfani da ita a kwamfutata. Na buga `make` don in haɗa direban (manhajar da ke sa adaftan ya yi aiki) daga lambobinsa, ya ce babu `/lib/modules/.../build`. Dole sai na sauke lambobin kanel (zuciyar Linux) gaba ɗaya? Data ta yi tsada wallahi.

Malam na Kabuga: Wa alaikumus salam. A'a ƙanena, fayilolin hedas, wato ɗan ɓangaren lambobin kanel da ake haɗa direba da shi, kaɗai kake bukata. Jona wayarka da kebul ka samu intanet, ka buga:
`sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)`
Za su sauka a `/usr/src`, wancan `build` ɗin kuma nuni ne kawai zuwa can. Amma lambar hedas ta zama daidai da kanel ɗin da ke aiki, ko kaɗan kada su saɓa. Ka girka direban ta dkms (manhajar da ke sake haɗa direba da kanta in kanel ya canja), in ba haka ba duk sabon kanel sai ka sake haɗawa.

Ummu Sultan: Ka duba Secure Boot ma, wato saitin tsaro da ke cikin BIOS (saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta). In yana kunne, `modprobe`, umarnin loda direba, zai ƙi direban da ba a sa masa hannu na dijital ba.

Ɗan Fagge: Ya haɗu, Malam! Saura na BIOS ɗin, bari wuta ta dawo.