Bitar wasan ces bayan gasa: abin da gwanaye suka tsaya a kai

Shawara ta farko da gwanayen ces suka bayar kan bitar wasanka bayan gasa, kuma a nan bakinsu ya zo ɗaya: kada ka buɗe Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasan ces, tukuna. Ka dawo da wasan a kan allo daga takardar da ka rubuta, ka lura da inda iliminka na buɗewa (wato motsin farkon wasa) ya ƙare, da mintunan da ka ƙona a wurin. Wanda ya ci minti 20 a motsi na 8 bai san tsarin da ya shiga ba.

Sun daɗe a kan wani tarko na buɗewar da ake kira Queen's Gambit, wanda ke kama sababbi (a rubutun motsi, N doki ne, B bishop, Q sarauniya, K sarki, x ci, + kai wa sarki hari). Bayan 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Nbd7 5.cxd5 exd5, fari yakan ɗauka dokin f6 a ɗaure yake, wato ba zai motsa ba don sarauniyar baƙi na bayansa, sai ya ci 6.Nxd5. Baƙi ya amsa da 6...Nxd5, ya bar sarauniyarsa. Bayan 7.Bxd8 Bb4+ babu mafita sai 8.Qd2, sannan 8...Bxd2+ 9.Kxd2 Kxd8. Fari ya rasa doki a kan soja ɗaya tak. Abin takaicin shi ne 6.e3 kawai ya isa.

Wasu sun ce a duba ma'ajiyar wasanni ta Lichess, shafin buga ces a intanet, don ganin abin da manya ke bugawa a inda iliminka na buɗewa ya ƙare. Daga nan sai inji, a kuskure biyu ko uku mafi girma kaɗai, kana rubuta dalilin kowanne da kalmominka.