Wa Ya Kamata Ya Durƙusa?

Baba Na-Ƙofar-Soro:
Assalamu alaikum. Na lura yaran yanzu suna wuce dattawa a ƙofar fada ba tare da sun ko rusuna ba, shi ya sa na ɗora waɗannan baitoci, kuma duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Ta'ala mai dukkan sarauta,
Shi ne ya raba rabo da kyauta,
Ya ba wani mulki, wani kuwa bauta,
Ya jera mutane hawa bisa hawa.

Akwai mai rawani, akwai malami,
Akwai mai fatauci, akwai wanzami,
Da mai jan garma da mai alƙalami,
Tsari ne da muka gada tun daɗewa.

Ɗana ka rage tsawon wuyanka,
Ka tuɓe takalmi gaban manyanka,
Girman kai rawanin tsiya ne a kanka,
Durƙusa wa wada ba gajiyawa.

Jikan Sawaba:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na amsa sallama, amma ban amsa hukunci ba.

Baba na gaishe ka, na rusuna,
Furfura tana da daraja a guna,
Amma kan batunka ina da magana,
Wa ya halatta taka talakawa?

Ka buɗe Ƙasas ka karanta aya,
Fir'auna ya yi girman kai a duniya,
Ya kasa jama'a kashi-kashi, ya danne ɗaya,
Can ne tushen wannan rarrabewa.

Kakana ya sha bulala kan haraji,
An kama akuya, an kwashe kaji,
Wasu sun bar gida sun kwana a daji,
Shin wannan ne tsarin tun daɗewa?

Kai ne ka ce wada, ba ni na ce ba,
In wada ne ashe bai fi ni tsawo ba,
Zomo bai zama bawan giwa ba,
Dawa ɗaya suka tara wajen rayuwa.

Ɗan Kusugu:
Madalla da Jikan Sawaba! Wannan baiti na wada ya isa a naɗe tabarma a tashi. Bari in ƙara masa ƙarfi da labarin garinmu.

Maciji ya kwanta cikin rijiya,
Ya hana gari ruwa har da sarauniya,
Sai ran Juma'a ake ɗiba, rana ɗaya,
Sunansa Sarki, in ji Daurawa.

Ba da durƙuso aka sami Kusugu ba,
Bayajidda bai ce ranka ya daɗe ba,
Bai jira izinin macijin nan ba,
Wuƙar maƙeran Gaya ta yi yankewa.

Baba Na-Ƙofar-Soro:
Ɗan Kusugu ka manta ƙarshen zance,
Wanda ya kashe macijin me ya zamce?
Daurama ya aura, haka tarihi ya ce,
Jikokinsa ne sarakunan Hausawa.

Kai kuma Jikan Sawaba mai ɗaga murya,
Naku sun hau mulki, mun gani ba ƙarya,
Jiniya da 'yan sanda sun toshe hanya,
Sun fi dogarin da can iya tsawa.

Malam Mai Aruli:
Ina neman afuwar Baba da zan tsoma baki. Ɗangon Ɗan Kusugu na farko, "Maciji ya kwanta cikin rijiya", ya hau karin waƙa na Mutaƙarib daidai ba tare da tangarɗa ba, amma na biyun ya ɗara shi da gaɓa biyu, ya sauka daga karin gaba ɗaya, kuma wanda ya yi masa madalla a ransa bai auna ba. Idan za a yi waƙa a kan adalci, ya kamata a fara yi wa ɗango adalci.

Ɗan Kusugu:
Malam mai awon gaɓa da mudu,
Gari na ƙishirwa gabas da kudu,
Kai kana ƙirga biyu, uku, huɗu,
Igiyar guga kawai kake aunawa.

Malam Mai Aruli:
Igiyar da ba a auna ba ba ta kai guga ga ruwa, ƙanena. Halilu ɗan Ahmadu bai tsara ilimin aruli, wato awon karin waƙa, don wasa ba, kuma malaman da suka yi waƙoƙin wa'azi da ajami a ƙasar nan a kan waɗannan ma'aunan kari suka gina su, shi ya sa har yau ake rera su ba a tuntuɓe.

Jikan Sawaba:
Malam, wannan ma ai shi ne batun da muke kai. Waƙar malami ta alƙalami ake kira ilimi, ta makaɗin noma kuwa a kira ta roƙo, alhali gangarsa ba ta taɓa kuskure kari ba, kuma bai san Halilu ba. Har a waƙa an yi masu rawani da talakawa.

Ɗan Kusugu:
Gaskiyarka. A bar mana ɗangonmu da ɗingishinsa.

Malam Mai Aruli:
Ba a bar shi ba. Makaɗin noma da kuke kafa hujja da shi, da ya ƙara gaɓa biyu da 'yan amshinsa sun watse. Ni ban raba malami da maroƙi ba, na raba ɗango mai ƙafa da gurgu ne.

Jikan Sawaba:
Na koma kan Baba, domin bai kamata jifan da ya yi ya wuce ba amsa ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ita ce ta fito fili ta ce akwai talakawa akwai masu danne su, kuma a 1979, lokacin Katsina da Daura suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ce ta soke haraji da jangali.

Masu jiniyar nan ba namu ba ne,
Rigar talaka suka ara, sojan gona ne,
Namu sun sha ɗauri, tarihi shaida ne,
Don sun ƙi faɗuwa wajen gaisuwa.

Malama 'Yar Gobarau:
Na iske baitoci sun taru, domin aikin makaranta ya riƙe ni. Baba, da izininka. A ganina an ɗauki tambayar ta wutsiya, tun da kowa yana muhawara a kan ko talaka zai durƙusa, alhali malaman da suka yi rubutu kan siyasa a ƙasar nan mai mulki suka fara fuskanta da wa'azin tawali'u. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin al'adun zalunci. Tun kafin su, Aristo na Girka ya bambanta sarki da azzalumi da abu guda: na farko yana mulki don amfanin jama'a, na biyu don amfanin kansa. Ibn Haldun kuma ya nuna cewa idan aka saba ƙwace abin da mutane suka nema, sai su daina nema, gari ya mutu. Ga kuma abin da malami Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Rumfa, da wanda Muhammadu Bello na Sakkwato ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje.

Magili ga Rumfa wasiyya ya rubuta,
Ya ce tushen kowace musiba da cuta,
Shi ne sarki ya rufe ƙofa ya huta,
Mai kuka na waje ba a jiyowa.

Bello ya rubuto wa Ummarun Dallaje,
Nan Katsina aka karanta, ba a waje,
Ya ce tsanani da kaushi sarki ya aje,
Ya rayar da sana'ar talakawa.

Tawali'u bashi ne kan mai iko,
Shi za a tambaya tun da farko,
Sunkuyon tsuntsun da ke cikin tarko,
Tsoro ne, kar a kira shi rusunawa.

Kai ma ƙanena kar ka yi fahari,
Talaka kan zama Fir'auna a gari,
Ba shi muƙami ka ga sabon dogari,
Yaron gidansa ya fi kowa ganewa.

Ɗan Kusugu:
Allah ya ƙara basira, Yaya Malama. Baiti na uku ya gama da ɓangaren fada, na huɗun kuwa da an bar shi a aljihu da ya fi.

Malam Mai Aruli:
Na huɗun ne ya fi gaskiya, shi ya sa ya yi maka ɗaci.

Baba Na-Ƙofar-Soro:
'Yata, Usulus Siyasa, littafin nan na Bello da kika ɗauko, ni ma an karanta mini shi, kuma ba sarki kaɗai ya yi wa magana ba.

'Yata kin karanta, Allah ya ƙara sani,
Amma a littafin akwai wani bayani,
Halin jama'a ke haifar shugabanni,
In gari ya karkace, fada na karkacewa.

Wanda ya sayar da ƙuri'a kan taliya,
Da sabulu da atamfa turmi ɗaya,
Ya dawo yana kukan zalunci da tsiya,
Shi ya ɗaura sirdi, ya ba da hawa.

Jikan Sawaba:
Baba, yunwa ce ta karɓi taliya,
Wa ya kawo yunwar? Faɗa mana gaskiya,
Taki ya yi tsada, gona ba lafiya,
Manoman Batsari da Jibiya na shaidawa.

Ina jiran amsar wannan, Baba, kuma har yanzu ba ka ce komai a kan jangali ba.