Neman kalma: maganar da ta taɓa tsohon miki, ko da mai ita ya ce bai nufa ba

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a aikin fassarar labaran wasanni, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku mu tsayar da magana. Turawa kan ce furucin wani "racially insensitive" ne, wani lokaci su ce "racially offensive". Mu kuwa duk abin da ya taɓa launi, jaka ɗaya muke zuba shi: kalaman wariyar launin fata. Jakar nan ta yi wa wasu kayan faɗi, kuma ga labarin da ya nuna mini haka.

A watan Oktoba na 2017, masu ƙungiyoyin NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, sun yi taro a New York. Abin da ya tara su shi ne durƙuson da 'yan wasa ke yi da gwiwa ɗaya lokacin da ake rera taken ƙasa, abin da ɗan wasa Colin Kaepernick ya fara a 2016 don nuna ɓacin rai kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙar fata. A wajen taron ne Bob McNair, mai ƙungiyar Houston Texans, ya ce ba zai yiwu a bar fursunoni su riƙa tafiyar da gidan yari ba. Troy Vincent, tsohon ɗan wasa baƙar fata da ya zama babban jami'i a hukumar gasar, yana cikin ɗakin, kuma nan take ya nuna bai ji daɗin maganar ba. Da kafar labaran wasanni ta ESPN ta fitar da labarin, ɗan wasan Texans DeAndre Hopkins ya ƙi zuwa atisaye, ranar Lahadi 29 ga wata kuma akasarin 'yan wasan Texans suka durƙusa kafin wasansu da Seattle.

McNair ya ba da haƙuri. Ya ce salon magana ne kawai, ba 'yan wasa yake nufi ba, dangantakar masu ƙungiyoyi da ofishin hukumar gasar yake nufi. Gaskiya ne kuma akwai irin wannan karin magana a Turanci, sai dai asalinta gidan mahaukata take ambata. Shi da ya zo faɗa, gidan yari ne ya fito daga bakinsa.

To a nan gizo ke saƙar. In na rubuta "McNair ya yi kalaman wariyar launin fata", mai karatu zai ɗauka irin na Donald Sterling ne, mai ƙungiyar kwando ta Los Angeles Clippers, wanda a 2014 aka naɗi muryarsa yana hana wata mata zuwa da baƙar fata wajen wasanninsa, har hukumar gasar kwando ta NBA ta kore shi har abada ta ci shi tarar dala miliyan 2.5. Wannan wariya ce tsirara, ba mai neman kalma a kanta. Shi McNair ko launi bai ambata ba. In kuma na rubuta "suɓutar baki", na wanke shi tas, na mai da maza sama da talatin da suka durƙusa a Seattle kamar masu neman rigima a kan banza.

Na fara gwada habaici da gugar zana da shaguɓe. Duka ukun suna buƙatar niyya: mai habaici ya san wanda yake jifa, ɓoye hannu kawai yake yi. Da zarar na ce McNair ya yi habaici, na yanke hukunci kan abin da ke zuciyarsa, wannan kuwa ba hurumin mai fassara ba ne. Katoɓara ta fi sauƙi, amma tana ɗauke da ɗan ban dariya, irin maganar da za a tuna a majalisa a ƙyalƙyale. Babu wanda ya yi dariya a ɗakin shirin 'yan wasan Houston.

Wani malamina da ya koyar da ni Hausa ya rubuto mini: "Ɗana, me ka gani game da gori? Gorin asali, ai shi ne tuna wa mutum ƙasƙancin da ya fito daga ciki." Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan ta matso kusa ƙwarai, kuma zan riƙe ta don wasu labaran. Ɗan kallon da ya jefa wa ɗan wasa ayaba a fili, gorin asali ya yi, babu ja. Sai dai gori ma da gangan ake yin sa, kuma fuska da fuska. McNair cikin 'yan'uwansa attajirai yake magana, bai zaci za ta fita waje ba.

Kalmar da na tsaya a kanta ita ce fami.

Duk wanda ya taɓa yin gyambo a ƙwauri ya san fami. Ina yaro na yi wata uku da shi, ya fara ɓawo, har na daina ɗingishi. Ranar kasuwa wani mai kura ya gifta, bakin jarka ya ɗan goge wurin. Gogar da ko ƙuda ba za ta kora ba a jikin mai lafiya, ni kuwa sai da na zauna a ƙasa, jini na bin ƙafata har cikin silifa. Mutumin bai san ni ba, bai san da ciwon ba, ya tsaya yana ta sannu. Sannunsa gaskiya ce, jinin ma gaskiya ne. Abin da ya sa nake son kalmar ke nan: tana tabbatar da zafin ba tare da ta yi rantsuwa kan niyya ba, kuma tana tilasta wa mai karatu ya tambaya, wane miki ne dama a wurin?

Mikin kuwa babba ne. Gyara na 13 ga kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta bauta a 1865, ya bar ƙofa ɗaya a buɗe: ana iya tilasta wa mutum aiki in hukuncin laifi ne. Jihohin kudu suka bi ta wannan ƙofa. A kama baƙar fata kan ƙaramin laifi, a ɗaure shi, a ba da hayarsa ga masu gandu da masu haƙar ma'adinai. Jihar Texas, inda Houston take, tana cikin waɗanda suka yi haka. Watanni kaɗan bayan maganar McNair, a farkon 2018, masu aikin ginin makaranta a Sugar Land, dab da Houston, suka tono kaburbura, aka ƙirga gawarwaki 95, bincike ya nuna baƙaƙen fursunoni ne da aka ba da haya a gonakin rake. Har yau baƙar fata kimanin kashi 13 cikin ɗari ne na jama'ar ƙasar, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke gidajen yari su ne. Sannan a dubi ɗakin da aka yi maganar: ƙungiyoyi 32, babu ko ɗaya da baƙar fata ke riƙe da ita, alhali a lokacin kusan bakwai cikin goma na 'yan wasan baƙaƙe ne, kuma abin da suke durƙuso a kansa shi ne 'yan sanda da kotu da kurkuku. Ka rasa kalmar da za ka kama a irin wannan wuri sai fursuna.

Shi ya sa a wurina amsar a fili take: maganar ta ci zarafi, kuma 'yan wasan ba su yi azarɓaɓi ba.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta ja ni a kan haka: "Malam, ina tsoron kalmarka za ta zama mafaka. Kowa ya zagi mutane sai ya ce fami ne, ban gani ba." Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na kwana da maganarki. Amma ai Bahaushe ya san fami iri-iri ne. Akwai na baƙo a kasuwa, akwai na wanda kuke gida ɗaya, yana kallo kullum ana wanke miki ciwon. McNair ya shekara da shekaru a Houston, 'yan wasan nan shi ke biyansu albashi, ba baƙon mikin ba ne. Akwai kuma abin da ke biyo bayan famin. A watan Afrilun 2018 ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa babban abin da ya yi nadama a kansa shi ne haƙurin da ya bayar. Mai kurar nan da zai dawo washegari ya ce mini ya janye sannunsa, ni na kai ƙafata hanya, da sunan abin ya canja. Kalmar ba ta hana mu faɗin wannan a jimla ta gaba. McNair ya rasu a watan Nuwamban shekarar.

Abin da ya ƙara mini yaƙini shi ne kalmar tana da aiki a gida. Wata rana ɗana yana ba ni labari yana ta in-ina da haɗa kalmomi, na ce masa ya daina yi mini gwaranci. A bakin ƙofa kuwa akwai wata baiwar Allah Bagwariya da ke kawo mana doya, tana ƙirga canji. Ba ta ce uffan ba, hannunta ne kawai ya tsaya kan kuɗin na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba. Tun ina yaro nake faɗin kalmar nan, ban taɓa jin sunan mutane a cikinta ba sai ranar. Ban nufe ta ba, amma na fama mata, kuma na bi ta har bakin titi na ba ta haƙuri. Kada a haɗa wannan da wasan Bafulatani da Babarbare, ko na Bagobiri da Bayarabe, inda kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa. Can an yarda da wasan, kuma wanda aka jefa yana da damar ramawa daidai wa daida. Ɗan wasan da mai ƙungiya ke iya sallama gobe ba shi da wannan damar.

Saura siga. Wani ɗan'uwa ya lura cewa a rubuce "ya fama" na iya rikicewa da "fama da", don haka gara a riƙa amfani da sunan tare da "yi". Na yarda. Inda batun launi ne, famin launi. Inda ƙabila ce ko tsatso ko sana'ar gado, famin asali, domin tsakaninmu launi ba shi ne yawanci ke raba mu ba. Wariyar launin fata ta zauna a inda take, ga irin su Sterling da dokokin Afirka ta Kudu na da. Gorin asali kuma ga mai jifa da gangan, kamar yadda Malam ya kawo.

Ga yadda zan rubuta kanun labarin da a yau ya faru: "'Yan wasan Houston sun durƙusa bayan mai ƙungiyar ya yi famin launi da kalmar fursunoni." Masu aiki a rediyo, don Allah ku karanta shi a bayyane ku ji ko yana zama a harshe, musamman mutanen Sakkwato da Damagaram, ku gaya mini ko fami ake cewa a wajenku ko akwai wata kalmar da ta fi ta gudu.