Taƙaitawa: koya wa ɗaliban tarihi da harshe aikin kwamfuta

Ga abin da na tsinta daga muhawararmu kan yadda za a koya wa ɗaliban tarihi da harshe na Jami'ar André Salifou da ke Damagaram aikin kwamfuta:

1. Kusan kowa ya yarda a fara da Excel (manhajar jera bayanai da lissafi), Python (harshen rubuta wa kwamfuta umarni) ya biyo baya.
2. A yi aiki da kayan gida: takardun ajami, tarihin sarakunan Damagaram, hirar tsofaffin Birni (tsohuwar unguwar Damagaram). Sai dai ajami na ba manhajojin karanta rubutu wuya, dole ɗalibi ya kwafa da hannu. Ni dai aiki da kayan gidan ya fi kwanta mini.
3. A adana rubutu da UTF-8 (tsarin ajiye haruffa a kwamfuta), kada ƙ, ɗ, ɓ su lalace.
4. Nan aka rabu: malamin kwamfuta zai koyar, ko na tarihi da ya san abin da ake bincike a kai? Ba a daidaita ba.