Me ya sa gyaran Flying Scotsman ya ci shekara 10?

Ɗan_Reluwe:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana injin tururi. Gidan tarihin jiragen ƙasa na York a Ingila ya sayi Flying Scotsman, wani kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, a 2004 kan fam miliyan 2.3. Aka shigar da shi garambawul a farkon 2006 da niyyar gamawa cikin shekara ɗaya, amma bai koma jan fasinja ba sai farkon 2016, kuɗin gyara kuma ya kai fam miliyan 4.2. Kan jirgin da aka ƙera tun 1923, ba kwamfuta a cikinsa, me ke cin wannan kuɗi haka?

Bakanike_Tsoho:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da tukunya, wato inda ake dafa ruwa ya zama tururi, domin ita ce ke fara cinye kuɗi. Akwatin wutar irin wannan inji na jan ƙarfe ne, yana zaune a cikin kwanson ƙarfe, ruwa na tsakaninsu. Abin da ke hana matsin tururi ture bangon biyu daga juna shi ne ɗaruruwan ƙusoshi masu zare da suka ratsa su. Kullum aka hura wuta aka kashe, jan ƙarfe da ƙarfe ba sa miƙewa daidai, sai ƙusoshin su riƙa tsinkewa a ɓoye. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya da guduma, wadda ta tsinke ƙararta daban ce. Ga kuma dattin ruwa da ke daskarewa a bango kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo; inda ya yi kauri, ruwa ba ya sanyaya wurin, farantin ya ƙone ya kumbura.

Shi wannan jirgi akwai ƙarin matsala. An ɗora masa tukunyar wani ajin inji da ake kira A4, mai aiki da matsin 250 psi (ma'aunin matsin tururi), alhali na ajinsa, wato A3, 220 ne. Gidan tarihin ya ajiye ta, ya sa aka sake gina tukunyar A3 da ake da ita a ajiye. Bayan an gama, ba a hura wuta tukuna: ana cika ta taf da ruwa, a matsa da famfo har kusan ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a duba inda ke tsatsafo. In ta wuce, sai gwajin tururi a gaban sufeto. Takardar izinin ba ta wuce shekara 10, kuma lissafinta na tafiya ko jirgin na fake.

Injiniya_Maiwalda:
Baba ya faɗi gaskiya kan tukunya, amma a ganina ba ita ta jawo jinkirin ba. Shasi ne. A 2011 har an yi masa baƙin fenti an nuna wa jama'a, sannan aka gano tsagewa a shasin, musamman wajen da akwatunan gatarin ƙafafu ke hawa da sauka. Wato an gyara sama kafin a tabbatar da ƙasa.

Yadda ya kamata: a sauke tukunya, a cire ƙafafu, a kankare fenti da maiƙo har ƙarfe ya fito fes. Sai a bi kowane lungu da gwajin garin maganaɗisu, wanda ke taruwa a bakin tsagar da ido ba ya gani. Daga nan a ja siririyar waya ta tsakiyar kowace silinda zuwa baya, a auna ko ta faɗi daidai da gatarin da take turawa. Silinda 3 gare shi, ta tsakiya tana cikin shasi, kuma ita aka samu a karkace. Karkata kaɗan ta isa ta cinye farin ƙarfen da ke cikin boris, ya yi zafi ya narke a kan hanya. Kamfanin Riley da ke garin Bury a lokacin, wanda ya karɓi ragowar aikin a 2013, sai da ya yanke gaban shasin ya sa sabo, ya sake jera silindojin.

Ɗan_Reluwe:
Na gode ƙwarai. To taragun fa? Ko su fenti da kujeru ne kawai?

Bakanike_Tsoho:
Ina fa! Yawancin taragun da yake ja yanzu na shekarun 1950 da 1960 ne. Ruwan sama na shiga ta gefen taga, ya gangara cikin bango, tsatsa ta ci gindin ginshiƙai daga ciki, fenti na ƙyalli a waje. Sai an ɓare katakon ciki ake gani, a nan kuma ake cin karo da asbestos, wani abin tare zafi mai illa ga huhu, wanda doka ta ce sai ƙwararru masu lasisi za su cire. Birki ma aiki ne: na da mai zuƙe iska ne, na yanzu mai matsa ta, don haka kan jirgin na ɗauke da famfon iska. Kafin a bar shi ya hau babban layin dogo kuma, dole a sa masa na'urar da ke taka birki da kanta in direba ya wuce jar alama, da wadda ke naɗar bayanan tafiya.