Gas ɗin esi ya tsayar min da aikin canjin inji

Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah masu sanin esin mota ku taimaka.

Ina canza wa motata inji. Da niyyata in kwance kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi, daga jikin tsohon injin, in ɗaure ta gefe da waya ba tare da na taɓa bututun gas ba, tunda haka ake yi gas ɗin ya zauna lafiya. Sai ga shi mazaunin kwamfuresa a sabon injin ya sha bamban, bututun ma bai kai ba. Dole sai an buɗe layin.

Gas ɗin R134a ne, kuma kafin motar ta tsaya yana sanyi sosai. Wani ya ce in sassauta notin bututun kawai gas ɗin ya fice. Raina bai kwanta ba, don yana ƙona fata da sanyi, ga illa ga muhalli. Motar kuma ba ta tashi, balle in kai ta wurin masu injin zuƙe gas.

Ana iya zuƙe gas ɗin injin mota a kashe? In layin ya yi mako biyu a buɗe, toshe bakin bututun ya isa, ko sai na canza diraya, wato abin da ke tsotse danshi a layin esi, tunda man PAG na kwamfuresa yana jan danshi? Man da ke cikin kwamfuresar sabon injin kuma, in zubar ko in bar shi?